Hawan Biyu da Sisi: a bar wa mai ƙafa da mai keke kasonsu na hanya

Shekara biyu na yi ina koyarwa a Gembu, babban garin da ke kan dutsen Mambila a Jihar Taraba, kuma a shekarar farko kaɗai na hau dutsen Mambila na sauka a mota ya fi sau goma. Amma da za ka tsare ni a lokacin ka ce in faɗi abin da ke gefen hanya tsakanin Mayo Selbe da Maisamari, iyakar abin da zan iya kawo maka shi ne ƙeyar direba da ledar amai. Duk wanda ya san hanyar ya san yadda ake yi. An cusa ku huɗu a kujerar baya, katan ɗin wani a kan cinyarka, mota ta kama hawa tana gurnani, ta sha kwana hagu ta sha dama. Wata baiwar Allah ta ɗauki salati, kai kuma ka runtse ido kana jero duk addu'ar da ka haddace tun makarantar allo. Can sai ka ji sanyi ya kutso ta taga, ka san an iso sama. Shi ke nan, ka koma gida kana ba da labari wai ka je Mambila.

Lalacewar mota ce ta sa na fara ganin wurin. Muna tsakiyar hawa ruwan lagireto ya tafasa, direba ya gangara gefe, yaronsa ya yi maza ya sa wa taya waigi da dutse. Da aka ɗaga bonet tururi ya turnuƙe, direban ya dube mu ya ce, "Malam, sai fa ta huce. Mai ƙafa ya riƙa yin gaba, ma cim muku." Mu uku muka yi gaba, saura suka nemi inuwa. Ba su cim mana ba sai bayan awa biyu da 'yan mintuna, kuma har yau ina gode wa Allah da wannan jinkiri. Na ga ruwa yana tsattsafowa daga jikin dutse, na tara hannu na sha, sanyinsa har cikin haƙori. Na ga yadda itatuwan daji ke raguwa sannu a hankali, ciyawa tana karɓe wuri, har tuddai su zama kamar an yi musu aski an shafa kore. A wata kwana na waiga, sai ga kwarin da muka baro shimfiɗe a ƙasa, kogi yana ƙyalli a cikinsa kamar zare, ga kuma wani guntun gajimare yana yawo ƙasa da inda nake tsaye. Ni ɗan Arewa da na tashi inda in ka hau rufin soro ka gama ganin duniya, sai na rasa abin faɗa. Tasbihi kawai na yi.

A nan muka gamu da wani dattijo yana gangarowa da sandarsa, yana jan akuya. Ya dubi takalmina da jakar littattafaina, ya tsaya. "Sannu ɗana. Lafiya dai? Kuɗin mota ne ya yanke?" Kafin in amsa har ya sa hannu a aljihu. Na ce, "A'a Baba, mota ce ta yi zafi, amma ni ma tafiyar ta yi mini daɗi." Ya yi dariya irin ta wanda ya ji shirme daga bakin mai ilmi. Shi ya nuna mini wani sawu da ya miƙe tsaye a jikin dutse, ya ce kafin a fasa hanyar mota ta irin nan ake bi, da kaya a ka. Sunan da ake kiran hawan, Biyu da Sisi, ya ce daga ladan 'yan dako ya samo asali: sule biyu da sisi ake biyan mutum ya hau da kaya har sama. Daga baya na ji labarin a bakin mutane da dama. Ko yaya ainihin lissafin yake, sunan kansa shaida ne cewa ƙafa ce ta fara buɗe wannan dutse, inji baƙo ne da ya zo daga baya ya mamaye gida.

Abin da nake son faɗa ke nan. Hanyoyinmu na kan duwatsu, daga ta Mambila zuwa Hawan Kibo a hanyar Jos, mun ɗauke su tamkar wata azaba da ake so a wuce da sauri, mun kuma gina su don mai inji shi kaɗai. Mai tafiya a ƙasa da mai keke ba su cikin lissafin wanda ya zana hanyar, ba su cikin na direba, ba su kuma cikin na masu rubuta kasafin yawon buɗe ido. Ina ganin wannan asara ce babba, kuma gyaranta ba ya bukatar biliyoyi. Abin da ya fi bukata shi ne mu daina jin kunyar ƙafafunmu.

Don kunyar tana nan, kada mu yaudari kanmu. Tambayar da dattijon nan ya yi mini ita ce tambayar da kowa zai yi. A wurinmu in an ga babban mutum ya taka sayyadarsa, ɗayan biyu ne: ko talauci ko taɓin hankali. In ma'aikaci ya hau keke zuwa ofis, kafin azahar an fara raɗa cewa an ci bashinsa ko an sayar da motar. Abin mamaki, mu ne jikokin fataken da suka riƙa dakawa da jakuna daga Kano har Gwanja neman goro, su yi watanni a hanya. Mu ne jikokin alhazan da suka ratsa Chadi da Sudan a ƙasa, wasu suka shekara suna tafe, wasu ma zuriyarsu na can har gobe. Keken ma ba kullum yake abin raini ba. Tambayi duk wanda ya haura sittin yadda ake kallon mai sabon Rali a ƙauyensu, da ƙararrawarsa da madubinsa da tufar da ake naɗe masa jiki don kada fenti ya goge. Malamin makaranta ne, ko ma'aikacin En'e, ko ango. Zuwan babura masu araha ne ya sauke keke daga wannan matsayi, ya mai da shi abin hawan almajiri da mai tallan ruwa.

Wani abu kuma da ke ba ni dariya: Alhajin da ba zai taka daga gida zuwa masallacin unguwa ba sai a mota, shi ne zai je Makka ya haye Jabalun Nur da ƙafarsa, yana haki yana hutawa, ya dawo yana ba da labarin har shekara goma. Matasan Zariya suna hawa Kufena, na Kano suna hawa Dala da Goron Dutse. Ashe son hawa yana jikinmu. Abin da ya rage shi ne mu yarda cewa mutum mai hankali, mai abin hannunsa, zai iya ajiye mota da gangan ya yi wuni yana hawan dutse don kawai ya ga abin da Allah ya halitta.

Gwamnatocinmu ma wannan kunyar ce ke ɗawainiya da su, sai dai tasu ta fi tsada. In gwamna ya tashi maganar yawon buɗe ido, abin da ke kansa shi ne otal mai hawa-hawa, filin jirgi, babbar ƙofa da allon ƙaddamarwa mai ɗauke da sunansa. Dubi Obudu a Jihar Kuros Riba. A 2005, zamanin Gwamna Donald Duke, aka kafa motar igiya mai ɗaukar mutane daga gindin dutse zuwa sama, abin da ya burge ƙasa gaba ɗaya. A shekarar ce kuma aka fara gasar tseren hawan dutsen, kimanin kilomita 11 na hawa zalla, da kyautar dala 50,000 ga wanda ya zo na ɗaya, har gwanayen gudu daga Habasha da wasu ƙasashe suka riƙa zuwa. Gwamnati ta canja, sha'awa ta canja. Motar igiyar aka sha ba da rahoton ta tsaya cik, gasar kuma ta yi shekaru ba a ji ɗuriyarta ba. Dutsen da hanyarsa mai kwana-kwana suna nan inda suke, ba su bukaci kayan gyara daga Turai ba. Duk abin da aka jingina shi da inji mai tsada da aljihun gwamna ɗaya, ranar da gwamnan ya tafi ya zama maraya.

Mutanen Mambila kuwa sun fi kowa sanin ɗacin jiran babban aiki. Tashar lantarkin nan ta megawat 3,050 da aka sa hannu a kan kwangilarta a 2017, bayan an shafe shekaru masu yawa ana ambatonta, har yanzu a takarda da zauren shari'a take zaune. Saboda haka in na ce a fara da ƙaramin abu, ba ƙanƙantar da wurin nake yi ba. Jihar Taraba tana kiran kanta kyautar da Allah ya yi wa ƙasa, kuma ba ƙarya ta yi ba. A cikinta Chappal Waddi yake, dutse mafi tsawo a Nijeriya, mita 2,419, a kan iyaka da Kamaru. A cikinta wani babban ɓangare na gandun dajin Gashaka-Gumti yake, wanda ya fi kowane gandun ƙasa girma a Nijeriya. Ga gonar shayi a Kakara, ga kurmin Ngel Nyaki da masu bincike ke zuwa daga nesa. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Duk waɗannan ba a ganinsu ta gilashin mota mai gudu.

Akwai wata hanya a arewacin Italiya da nake yawan tunawa, mashigin Stelvio a tsaunukan Alps. Ƙolinsa ya kai mita 2,757 sama da teku, kuma daular Ostiriya ce ta fasa shi tsakanin 1820 da 1825, tun ba a san mota ba. Ta ɓangaren arewa maso gabas kwana 48 ne masu lanƙwasa kamar ƙugiya, kowace da lambarta a gefen hanya, mai hawa yana tafe yana ƙirga abin da ya rage masa. Daga garin Prato da ke ƙasa zuwa ƙoli kimanin kilomita 24 ne, hawan kuma ya kai mita 1,800. Da hunturu ƙanƙara ke rufe hanyar ɗungum. Da bazararsu motoci da babura ke cika ta. Amma rana ɗaya a shekara, wajen ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, hukuma kan hana duk wani abu mai inji bi, a bar wa masu keke da masu tafiya a ƙasa, kuma dubbai ne ke zuwa. Ba a gina musu komai sabo ba. Shinge aka sa a ƙasa, aka sanar da rana, aka ajiye motar asibiti. Masu masauki da masu abinci na ƙauyukan gindin dutsen su suka san abin da suke samu a wannan mako.

Na san abin da za a ce: can Turai ce, sun ƙoshi. To mu dawo Afirka. Ruwanda ƙasa ce da kusan babu fili a cikinta, tudu ne bayan tudu, kuma manomanta sun daɗe suna dakon ayaba da dankali a kan keke. Maimakon su ɗauki abin a matsayin alamar koma-baya, sai suka mai da shi abin alfahari. Tun 2016 birnin Kigali ke rufe wasu manyan tituna ga motoci da safiyar wasu Lahadi don jama'a su taka su hau keke. Sun shata wata doguwar hanya ta ƙafa da keke a gaɓar tafkin Kivu, daga Rubavu zuwa Rusizi, fiye da kilomita 200, ana kwana a ƙauyuka. A Satumban 2025 Kigali ta karɓi gasar tseren keke ta duniya, karo na farko da aka yi ta a nahiyar Afirka. Shekara guda kafin nan Biniam Girmay, ɗan Eritriya, ya ci zango uku a gasar zagaye Faransa ya kuma tafi da koriyar rigar da ake ba wanda ya fi tara maki. Waɗannan ba ƙasashen da suka fi mu kuɗi ba ne.

Lissafin da ya fi damuna shi ne na aljihun mutanen kan hanya. Mai mota da ya taso daga Jalingo ya bi Bali da Serti ya haye, zai wuce ƙauyuka rututu bai sayi ko ruwan leda ba, in ya sauka kuma a babban masauki zai sauka. Mai ƙafa da mai keke ba su da wannan gata. Cikinsu ne injinsu. Dole su tsaya wurin mai shayi, su sayi ayaba da fiya da zuma, su sha nono, su nemi mai faci, su ɗauki ɗan jagora, in dare ya yi su kwana inda ya same su. Naira dubu goma da irin wannan baƙo zai kashe tana warwatsuwa a hannu goma, kuma hannuwan da ba su taɓa ganin ko sisi daga kasafin yawon buɗe ido ba. Matashin Nguroje ko Maisamari da ya san kowane sawu a dutsen tun yana kiwo, wannan sanin nasa jari ne, sai dai ba wanda ya taɓa ce masa zai iya cin abinci da shi.

A shekarata ta biyu na sayi keken gwanjo mai giya, na fara zagaya tuddan da ke kusa da gari. Da na ji ƙafata ta yi ƙwari sai na ɗaura niyyar gangara dutsen. Hawa wahala ce, amma gangara ita ce mai kisa, kuma ban san haka ba sai ranar. Na damƙe birki tun daga sama ban saki ba. Can na ji warin roba, na tsaya na taɓa bakin wilin, ya ƙona mini yatsa. Ashe in ka riƙe birki ba sassautawa ƙarfen zafi yake ɗauka, robar ta daina kamawa, tiyub ma yana iya fashewa. Dabarar ita ce ka matsa da ƙarfi kafin kwana, ka saki, ka bar iska ta sanyaya shi, in gangarar ta yi tsawo ka tsaya ka huta. Ina cikin koyon wannan darasi sai na ji ham a bayana. Babbar mota ce shaƙe da katako, ita ma warin birkinta ya cika wurin. Hagu dutse, dama rami, babu ko taku ɗaya na gefen hanya da zan raɓa. Na faɗa cikin lambatu da ni da keken, gwiwata ta daku, motar ta wuce yaron mota yana leƙowa yana cewa, "Kai Malam, ka gaji da duniya ne?" Ban ga laifin direban ba, don shi ma da ransa yake kokawa. Da na miƙe ina kaɗe jiki, sai ga wasu mata biyu da itace a ka sun fito daga cikin wannan lambatun a gabana kaɗan. Su ma nan suka tsere. Bambancina da su shi ne ni sau ɗaya abin ya same ni, don ganin dama, su kuwa kullum ne.

Wannan shi ne amsata ga masu cewa maganar hawan dutse don nishaɗi maganar ƙoshi ce, a ƙasar da mutane ke neman na tuwo. Gaskiya ne, akwai rashin ta-ido a ce ɗan birni ya zo da hular kwano da keken miliyan yana ɗaukar hoto kusa da matar da talauci ya sa ta hawa dutsen nan da kaya. Ni ma abin yana sosa mini rai. Amma gefen hanya mai faɗin da mutum zai raɓa, da shingen ƙarfe a bakin rami, da wurin da babbar mota za ta tsaya a duba birkinta kafin ta kama gangara, duk wanda aka yi dominsa, matar nan ce za ta fi kowa cin moriyarsa. Da 'yan makaranta, da mai jan akuya. Abin takaici ne a ce sai baƙo ya zo kafin hukuma ta ga ɗan gida, amma haka ƙasar take, kuma in zuwan baƙon ne zai sa a gyara, to ya zo.

Sai babbar magana, tsaro. Ba zan yi kamar ban san ta ba. Ana satar mutane a hanyoyin ƙasar nan, Taraba ma ba ta tsira ba. Mambila kanta ta ga rikici mai muni a watan Yunin 2017, aka yi asarar rayuka da dukiya, kuma tabon bai gama warkewa ba. Duk wanda zai ce wa mutane su ɗauki jaka su shiga daji ba tare da tambaya ba, bai yi musu adalci ba. Sai dai ina ganin mun juya lissafin. Muna cewa sai an samu cikakken tsaro tukuna a fara, alhali hanyar da ƙafa ta ɗauke daga kanta ita ɓarawo ke so. Inda matasan gari, Mambilawa da Fulani da Kaka da sauransu, suke samun kuɗi tare daga rakiyar baƙo, kowa yana da dalilin da zai sa ido kada wani ya ɓata musu kasuwa. Ba na cewa keke zai sasanta rikicin ƙasa da kiwo. Ina cewa dai a fara daga inda ake da natsuwa, da rana, cikin ayari, da sanin jauro da mai unguwa da jami'an tsaro, a bar sauran wurare sai lokacinsu ya yi.

Akwai kuma ƙorafin da ya fi kowane ƙarfi, wanda direbobi za su kawo in na ce mu ma a rufe wa motoci hawan Mambila irin yadda ake yi a Stelvio: Stelvio tana da wasu hanyoyin da za a zagaya, Mambila kuwa wannan ita ce babbar hanyar da mai ciwo da mai kaya da mai gawa ke bi. Rufe ta wuni guda zalunci ne. Na yarda. Shi ya sa ban ce wuni ba. Awa huɗu, daga bayan asuba zuwa hantsi, sau ɗaya a shekara, a ranar da ba ta kasuwa ba, a sanar tun da wata uku, motar asibiti da ta gaggawa su wuce. Zaftarewar ƙasa da lalacewar babbar mota a kwana suna tsayar da hanyar nan fiye da haka ba tare da sun nemi izinin kowa ba. A kuma zauna da ƙungiyar direbobi tun farko, su ne ma za su yi jigilar mutane da kekunansu zuwa gindin dutsen su dawo da waɗanda ƙafarsu ta gaza.

Mai tafiya a ƙasa ma ba lallai ya bi kwalta ba. Tsofaffin sawaye suna nan. A Sukur, cikin duwatsun Mandara a ƙaramar hukumar Madagali ta Jihar Adamawa, akwai hanyoyin da magabata suka shimfiɗe da faffaɗan duwatsu tun daga ƙasa har kan tudun da fadar Hidi, sarkin Sukur, take, ga gonaki hawa-hawa a jikin dutse. Wannan ne wuri na farko a Nijeriya da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya, a 1999, kafin 'yan Boko Haram su kai masa hari a 2014. A Nijar, kan dutsen Bagzan a yankin Ayar, inda ƙololuwar ƙasar take da mita 2,022, akwai ƙauyuka da lambuna da aka saba kai musu kaya a ƙafa da bayan jaki. Kakanninmu sun san inda ruwa yake, inda iska ba ta kaɗa mutum, inda jaki zai iya juyawa. Sawun da dattijon nan ya nuna mini bai fi bukatar a sare ciyawa, a shafa fenti a jikin duwatsu don alama, a rubuta nisan da ya rage ba. Amma waɗanda suka san shi tsufa suke yi. In ba a bi su da littafi da biro yanzu ba, nan da 'yan shekaru sai dai a kira masana daga waje a biya su su gano mana shi.

Baƙin ma akwai nasu. Na ga 'yan birni sun zo sun tsallake shingen makiyayar mutum ba sallama, sun ɗora wa matan aure kyamara a fuska, sun bar robobin ruwa da ledar biskit a bakin rafin da gari ke sha. Irin wannan in ya yawaita, mutanen wuri za su rufe ƙofa, kuma da gaskiyarsu. Haka nan in aka bari wani kamfani daga Abuja ko Legas ya kwashe kuɗin, ya sallami ɗan jagora da abin da bai taka kara ya karya ba, to mun koma zamanin sule biyu da sisi ke nan, sai dai kayan da ake ɗauka ne suka canja. Ladan jagora ya zama sananne, a rubuce, mutanen gari su yanka shi da kansu.

Ba Abuja nake kira ba, don ta yi nisa. Shugabannin ƙananan hukumomin Gashaka da Sardauna nake nufi, su da sarakuna da hukumar gandun daji da ke Serti, tunda gindin dutsen na hannun ɗaya, kansa na hannun ɗaya. Lokacin da ya dace shi ne bayan ruwa ya ɗauke, tsakanin Nuwamba da Janairu, kafin ƙurar hunturu ta yi kauri ta rufe kwarin. Wanda zai zo ya taho da rigar sanyi ko da ya baro Serti yana gumi, don duk mita dubu da ka hau zafi kan ragu da maki shida zuwa bakwai, ga iska. Ya sa a duba masa birki wurin mai gyara na gaske, ya riƙe tiyub biyu da famfo. Ni dai keken nan yana nan a zaure, na sake masa sarƙa da robar birki, kuma ɗan yayata da ya gama sakandare bana ya ce zai bi ni a Disamba. Mahaifiyarsa ta kira ni har sau biyu tana tambaya ko kuɗin mota ne babu, ta turo.